Ranar da Sito Ya Kira Inna

Mahaifinmu fatoma ne a Illela. Ga wanda bai tashi a bakin iyaka ba, fatoma shi ne mutumin da fatake ke sauka a gidansa, su ci tuwonsa, su bar kayansu a hannunsa su koma garinsu hankali kwance. Muna da sito babba a bayan kasuwa, mai ƙofar ƙarfe, kuma in ka shiga ka duba abin da ke ciki, namu bai taka kara ya karya ba. Dilolin atamfa na mutanen bayan Ƙonni ne, katan-katan na sabulu na wata Hajiya ce daga Sakkwato, buhunan wake na manoman Garu da Lafani ne masu jiran kasuwa ta yi kyau. Abin da muka mallaka a wurin shi ne ginin da sunan Baba, kuma sunan ne yake ciyar da mu.

Da Baba ya rasu, sito ya dawo hannunmu, ni da yayana. Fatake sun zo ta'aziyya, sun yi addu'a, wasu har da hawaye, amma na lura da irin kallon da suke mana in sun tashi tafiya. Kallon da ake yi wa sabon jaki ne kafin a ɗora masa kaya. Ana cikin haka gobara ta tashi a wani layi kusa da namu, ta cinye shaguna, mutane suka wayi gari da toka. Tun daga nan kaya suka fara raguwa a sitonmu. Ba wanda ya ce mana bai yarda da mu ba, don ɗan kasuwa ba ya faɗin haka. Sai dai ya zo ya gaishe ka da kyau, ya tambayi iyali, sannan ya ce buƙata ta taso masa, a fito masa da kayansa. Daga ranar ba ka ƙara ganin dilarsa.

Akwai wani tsohon Alhaji daga wani ƙauye can cikin Nijar, aminin Baba tun suna samari, dogo, mai ƙarancin magana. Inda ya ajiye kayansa nan sauran fataken wancan ɓangare ke ajiyewa, inda ya kwashe kuwa sai su bi shi ba tare da sun tambayi dalili ba. Muddin dilolinsa na cikin sitonmu, gidanmu yana nan gidan fatoma. Duk ranar da ya kwashe su kuwa, mun zama masu gadin ɗaki wayam. Wata Lahadi, ranar kasuwarmu, ya tsaya bakin ƙofa ya ce mana, "Ubanku da kunne guda yaka kwana. Ku fa?" Ya juya ya tafi abinsa.

Ni na kawo maganar na'urar gobara. Na taɓa ganinta a wani babban kanti a Sakkwato, na tambaya aka yi mini bayani. Yaya ya ce, "Allah ka tsare dukiya, ba waya da batir ba." Na ce ban musa ba, amma me ya sa yake rataya kwaɗuna manya-manya a ƙofa kullum yamma, har ya jijjiga su ya ji ko sun kama? Ya harare ni. Yaya mutum ne da ba ya cewa ka yi gaskiya, iyakarsa ya daina gardama, kuma na san shirunsa izini ne.

Mai aikin ya zo daga Sakkwato da tsaninsa da jakar kayan aiki, mutum mai natsuwa, wanda ba ya gaggawar magana. Ya manna wasu fararen abubuwa zagayayyu a rufin sito, kamar ƙananan faya-fayai, ya ce su ke jin hayaƙi. Ya ɗaura jiniya a waje saman ƙofa, ya kafa akwati a bango da layin waya a cikinsa, ya rataya jajayen tuluna na kashe gobara. Ya ce in faifan ya ji hayaƙi jiniya za ta yi kuka, akwatin kuma zai kira waya ya faɗi abin da aka ɗauka a cikinsa. Ni aka sa na yi muryar. Na tsaya gaban akwati ina ihu, "Wuta cikin sito! Wuta cikin sito!" maƙwabta suna leƙe suna dariya. Ban taɓa jin kaina wawa kamar ranar ba.

Sai mai aikin ya ce a ba shi lambar da akwatin zai riƙa kira. Yaya ya karanto tasa cikin isa, don shi ne babba.

"Kullum tana kunne?" in ji mai aikin.

Wayar Yaya dai ba kullum take kunne ba. Kusan kowace safiya yana tsallakawa Ƙonni, kuma da ya wuce shinge sai ya cire layin gida ya sa na can, kamar yadda kowa ke yi a garinmu. Na ba da tawa. Ni ma dai haka, in ban tsallaka ba ina bakin iyaka wajen sauke kaya, inda waya ke rikicewa ta rasa ƙasar da take.

"To, ranar Juma'a fa?"

Nan muka kalli juna. Ranar Juma'a da rana layinmu ba ya da ko mutum ɗaya. Kowa ya kulle ya tafi masallaci, har mai gadi, kuma wayoyi duk a kashe. Jiniya za ta yi ta kuka ne ga awaki.

Mai aikin ya ce, "Ku ba ni lambar wanda ba ya tsallaka iyaka, ba ya kashe waya, kuma ba ya zuwa masallacin Juma'a."

Yaya ya fashe da dariya ya ce, "Wanga kam sai Inna!"

Wasa yake yi. Mai aikin bai yi dariya ba, ya ce a karanto masa lambar.

Inna mahaifiyarmu ce. A lokacin ba ta daɗe da fita takaba ba, kuma ta yi sanyi ƙwarai, yini take zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, in an yi magana ta amsa, in ba a yi ba ta yi shiru. Tana da 'yar ƙaramar waya wadda ta fi amfani da fitilarta fiye da komai. Na je na gaya mata abin da aka yi, ina murmushi, don na ɗauka ita ma za ta ɗauke shi abin dariya. Ta ajiye carbin ta dube ni.

"Kayan mutane na?"

Na ce kayan mutane ne.

"Ku kirawo min shi."

Aka kawo mai aikin zaure, ita tana daga bayan labule. Bayan gaisuwa ta ce, "In abin ga ya kira ni, mi za ni yi?"

Wallahi har ranar ba wanda ya yi wannan tunani a cikinmu. Mun sayi kira, ba mu tambayi abin da ke bayan kira ba. Mai aikin ya ce sai ta kira 'ya'yanta. Ta ce, "Suna cikin sahu, wayarsu kashe. Da suna ji, ai da ba a zo gare ni ba." Mutumin ya gyara zama. Ya yi mata bayani a hankali, cewa da an buɗe ƙofa akwai madannin wutar lantarki a hannun dama, a fara sauke shi ƙasa, kuma kada a kuskura a watsa ruwa kafin nan. Sannan a ɗauki jan tulu, a zare ƙusarsa, a auna gindin wutar ba harshenta ba. Inna ta ce ba ta gane bayanin baki, a kawo tulun ta gani.

Haka aka yi. Washegari aka hura wuta a tsohon kwano a tsakar gida. Inna ta gwada ɗaga tulun ta ji ya fi ƙarfinta, sai ta kira matata ta ce ita za ta riƙe. Matata ta zare ƙusa ta matsa, farin gari ya fito da ƙarfi ya kashe wutar, ya kuma wanke kajin Inna da ke kiwo a gefe. Kajin suka watse fari fat suna kururuwa. Ranar na ji dariyar Inna karo na farko tun rasuwar Baba, har tana share ido da bakin mayafi. Da yamma ta buɗe wata tsohuwar kwalla a ɗakinta ta fito da damin makullai. Na biyun makullan sito ne, waɗanda Baba ya ba ta ajiya tun muna yara. Ta sa aka gwada su aka ga suna buɗewa, ta mayar da su inda suke.

Daga nan wayar nan ta zama aiki. Ta ɗaure ta a haɓar zani, ko wanka za ta shiga sai ta miƙa wa matata. In ƙanwarta ta kira daga Araba tana jan hira, sai ka ji Inna ta ce, "Gajarta, kina tsare min layi." In batir ya ragu kaɗan, duk gidan sai ya sani. Biki ko suna in ya faɗo ranar Juma'a, ta aika da gaisuwa ta zauna. Mukan tsokane ta mu ce mai gadi ta tashi lafiya, ta ce lafiya lau, masu kaya sun kwana lafiya?

Kira na farko da ta samu na kunya ne. Al'adar Baba ce duk safiyar Lahadi ya zagaya sito da kaskon turaren wuta kafin baƙi su iso, don atamfa ta ɗauki ƙamshi. Yaya ya gaji al'adar, kuma hannunsa ya fi na Baba nauyi wajen zuba turare. Bai kai tsakiyar sito ba jiniya ta kwarma ihu. Kasuwa ta cika, mutane suka yo kanmu da gudu, wasu da bokiti, suka tarar da Yaya tsaye da kasko a hannu, baki buɗe. An yi makonni ana masa tsiya. Ya rantse sai ya rufe faya-fayan nan da leda. Da maganar ta kai gida, Inna ta ce in gaya wa wancan, don ba ta kiran sunan ɗan fari, cewa turare ya tsaya a bakin ƙofa, kuma wanda ya taɓa faifai kada ya ci tuwonta. Yaya na son tuwo.

Abin da ya fi damuna shi ne tsohon Alhaji yana wurin ranar, ya ga komai. Bai yi dariya ba. Da taro ya watse ya ce, "Kun sawo abin da ka kuka ba dalili. Ni kuka bai tsare min kaya." Bayan 'yan makonni ya aiko cewa Lahadi mai zuwa zai zo da mai kurar ɗaukar kaya, buƙata ta taso masa. Mun san fassarar wannan magana. Yaya ya daina cin abinci sosai, ni kuma na fara tunanin wace sana'a zan koya da girmana.

Juma'ar da ta zo kafin Lahadin, ana tsakiyar bazara, rana kamar ta sauko ƙasa. Muka kulle sito muka tafi masallaci. Abin da ya faru bayan nan daga bakin matata na ji shi.

Inna na zaune tana ɓarar gyaɗa wayar ta yi ƙara. Ta ɗauka ta kara a kunne, sai ta ji muryata ina ihun wuta cikin sito. Matata ta ce Inna ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta kuma yi kururuwa ba. Ta ture faranti ta ce, "Tashi." Ta shiga ɗaki ta fito da makullai da hijabi. A titi babu ko ɗan kabu-kabu ɗaya, duk suna masallaci. Suka kama hanya a ƙasa, Inna da gwiwarta mai ciwo, matata na riƙe da hannunta, wani wuri ita ke jan Inna, wani wuri Inna ke janta.

Da suka isa bayan kasuwa, matata ta lura Inna ba ta san ƙofar ba. Kukan jiniya suka bi. A inuwar rumfar da ke kallon sito akwai matan Fulani masu tallan fura da nono, suna jiran a sauko daga masallaci. Sun miƙe tsaye suna kallon hayaƙi na fita ta ƙarƙashin ƙofa, amma ƙofar ƙarfe ce a kulle, ba abin da za su iya. Inna ta fara gwada makullai, ɗaya daga cikin matan ta karɓa ta taya ta. Da ƙofa ta buɗe hayaƙi ya yo waje, wata ta ɗauko jarkar ruwa za ta watsa, Inna ta riƙe mata hannu. Matata ta toshe hanci da mayafi ta laluba dama ta sauke madannin, sannan ta ciro jan tulu.

Wutar a lungu take, inda muke ajiye batirin sola. Daga baya muka ga ɓera ne ya ci waya. Ta kama kwalaye, ta fara lasar gefen wata dila. Matata ta auna gindinta kamar yadda ta yi a tsakar gida. Matan Fulani suka shiga suna jan diloli waje, wasu na ɗebo yashi da ƙorai suna zubawa. Dilar da ta kama ta ci gaba da ci daga ciki ko bayan an ja ta waje, sai wata dattijuwa a cikinsu ta ɗaga ƙwaryar nononta gaba ɗaya ta juye a kai. Nonon da ta ɗauko a ka tun safe daga rugarsu ke nan.

Mu kuwa sai da liman ya sallame muka ji jiniya daga nesa. Na san muryarta. Na ɗebi takalmana a hannu na yi gudun da ban yi ba tun ina makaranta, Yaya na bayana babbar riga na kama masa ƙafa. Muka tarar da ƙofa a buɗe, diloli a waje, wuta ta mutu. Inna na zaune kan buhun wake a cikin sito, hijabinta ya yi fari da garin tulu, tana tari. Ba ta kalle mu ba. Rufi take kallo, da bangaye, da kayan da aka jera har sama.

Ta ce, "Ashe haka wurin ga yake."

Sai a lokacin na gane ba ta taɓa taka sito ba. Tun aurenta take jin labarinsa kullum, ta dafa wa baƙinsa, ta riƙe makullansa, amma ranar ce idonta ya fara ganinsa. Na tsuguna gabanta ina hawaye, kuma ban ji kunyar jama'ar da suka taru ba. Yaya ya durƙusa ya kama ƙafarta. Ta janye ƙafar ta ce da ni, "Ce ma wancan ya tashi, mutane na kallo."

Kafin mu dawo cikin hankalinmu mu yi godiya yadda ya kamata, matan Fulani sun tattara ƙoransu sun koma inuwa. Mun neme su daga baya mun gaishe su har ruga, amma har yau ina jin ban biya su ba, musamman dattijuwar nan. Ina gode wa matata, wadda ta yi kwanaki tana tari ba ta ce uffan ba. Ina gode wa mai aikin nan da ya ƙi karɓar lambar farko da aka ba shi. Duk lokacin da na tuna cewa da ya yi shiru ya danna lambar Yaya ya tafi abinsa, sai jikina ya yi sanyi.

Saura dila ɗaya da ta ƙone a gefe, tana warin hayaƙi da tsamin nono. Ta tsohon Alhaji ce.

Ranar Lahadi ya zo da mai kura kamar yadda ya ce. Labari ya riga ya kai masa, amma bai nuna ba. Ya shiga sito ya tsaya gaban baƙin bango ya daɗe, ya taɓa dilar da ta ƙone, ya sunsuna hannunsa. Yaya ya fara bayani, Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ya tambayi wa ya buɗe ƙofa. Na gaya masa. Ya ce a kai shi gidanmu.

A zaure ya zauna kan tabarma, Inna na bayan labule. Suka gaisa doguwar gaisuwa irin ta tsofaffi, ya yi wa Baba addu'a, ta amsa. Sannan ya ce, "Hajiya, na taho in kwashe kayana."

"Na jiya," in ji Inna. "Kayanka na. Guda ta ƙone, alhakinta bisa wuyanmu. Sauran ka ƙidaya su gaban ɗiyan ga kahin ka ɗauka, kar a ce gidan ga ya ci amana."

Na kalli Yaya na ga ya sunkuyar da kai, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Ban taɓa ƙidayar kaya gidan ga ba," in ji Alhaji. "Ba yau za ni hwarawa ba."

Ya miƙe da ƙyar, ya sa takalmansa, ya leƙa waje ya ce wa mai kura ya tafi, babu aiki. Sannan ya juyo ya ce da Yaya akwai mota tafe da wasu sababbin kayansa kafin la'asar, a share lungun nan da wuta ta ci, nan yake so a jera su.